Tambayoyin Masu Karatu: Mayar da Kwamfutar Tebur Yadda Take a Da

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan magana ɗaya suke yi, wato kwamfutar tebur ta rikice, mai ita kuma yana neman hanyar mayar da ita yadda take kafin ta rikice, ko ma yadda ta fito daga kamfani. Na zaɓi guda biyar daga ciki. Sunayen maɓallai zan rubuta su kamar yadda suke bayyana a fuskar kwamfuta, domin mai karatu ya gane su idan ya gan su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Zariya, kuma kwamfutar tebur guda ɗaya mai Windows 10 ita ce jarin shagon. Makon jiya yaron shagona ya sauko da direban wata sabuwar firinta daga intanet ya saka, tun daga ranar kuwa kwamfutar take ɗaukewa ana tsakiyar aiki, allon ya koma shuɗi da rubutu, sannan ta sake tashi da kanta. Mai gyara ya ce babu magani sai a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake girka Windows. A cikinta akwai ayyukan ɗalibai masu yawa da ba a karɓa ba tukuna. Shin babu wata hanya ban da wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai hanya, kuma ina roƙonka kada ka bari a yi fomatin tukuna. Abin da ka bayyana ciwo ne da aka san ranar da ya fara, aka kuma san abin da ya jawo shi, irin wannan kuwa shi aka yi wa hanyar da ake kira "System Restore", wadda kamfanin Microsoft ya fara sakawa a Windows ME a shekarar 2000, take kuma nan har cikin Windows 11.

Yadda take aiki shi ne, lokaci zuwa lokaci babbar manhaja, wato Windows, takan ɗauki hoton halin da take ciki ta adana, musamman gab da a saka sabon direba ko wasu manyan manhajoji ko sabuntawa. Wannan hoton ya ƙunshi fayilolin da Windows ke tafiya da su, da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urori irin su firinta, da kuma kundin saituttuka. Idan ka umarce ta ta koma wata rana, waɗannan abubuwa ne take mayarwa yadda suke a ranar. Ba ta taɓa takardun Word, ko hotuna, ko ayyukan ɗaliban da kake tsoron rasawa. Wannan yana nufin abu biyu: ba za ta goge maka aiki ba, haka nan idan ka goge wata takarda bisa kuskure jiya, komawa shekaranjiya ba zai dawo maka da ita ba. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan.

Duk da haka, kafin ka taɓa komai, ka samo filashi ko ma'adanar waje ka kwashe ayyukan mutane a kai. Na taɓa zama a wani shago irin naka ina jiran a buga mini takarda, sai ga wata ɗaliba ta shigo karɓar kundin bincikenta na kammala karatu, aka ce mata jiya da dare an yi wa kwamfutar fomatin. Ta tambaya ko an ajiye nata, mai shagon ya sunkuyar da kai. Ta ciro wata tsohuwar filashi daga jaka, hannunta na rawa, aka duba, sai aka tarar babi biyu ne kawai a kai daga cikin biyar. Tun daga ranar ba na ba kowa shawarar gyara ba tare da na fara da maganar kwafe kaya ba.

Idan kwamfutar tana tashi har ta ba ka 'yan mintoci, ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta rstrui a ɗan akwatin da zai buɗe, ka danna "OK". Za ta nuna maka jerin ranakun da ta adana, kowace da lokacinta da dalilin adana ta. Ka zaɓi ranar da ta gabaci saka direban nan. Akwai maɓallin da aka rubuta "Scan for affected programs", ka danna shi, zai gaya maka manhajojin da za su fita da waɗanda za su dawo, domin duk abin da aka saka bayan wannan rana zai tafi. Da zarar ka tabbatar, kwamfutar za ta kashe kanta ta fara aiki, yawanci rabin awa ya isa, amma a tsohuwar kwamfuta yakan wuce haka nesa. Kada ka kashe ta ko da ka ga kamar ta tsaya cik.

Idan kuwa ta kai ga ba ta shiga Windows sam, akwai ƙofar baya. Ka kunna ta, da zarar tambarin Windows ya bayyana ka danne maɓallin wuta har ta mutu, ka maimaita haka sau biyu ko uku, za ta shiga wani shuɗin shafi na gyara da kanta. In tana kaiwa wurin rubuta kalmar sirri, ya fi sauƙi ka riƙe maɓallin Shift sannan ka zaɓi "Restart". A shafin gyaran ka bi "Troubleshoot", sai "Advanced options", a nan za ka ga "System Restore". A gefensa akwai "Uninstall Updates", wanda ke da amfani idan sabuntawar Windows ce ta jawo matsala, akwai kuma "Startup Settings" da zai kai ka "Safe Mode", inda Windows ke tashi da direbobin da suka zama dole kaɗai.

Abin da nake fargaba shi ne ka buɗe ka tarar babu rana ko ɗaya a ajiye, domin a kwamfutoci da yawa masu Windows 10 wannan kariya a kashe take zuwa, kuma ba kasafai masu saka manhaja a kasuwa ke damuwa su kunna ta ba. In haka ta faru, ka shiga ta "Safe Mode" ka cire direban firintar da duk abin da ya zo tare da shi, sannan ka nemi direba na asali daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar. Bayan ta lafa, ka rubuta "Create a restore point" a wurin bincike, ka zaɓi ma'adanar C, ka danna "Configure" ka kunna kariyar, ka ware mata ɗan wuri. Daga nan ka koya wa yaron shagonka ya danna "Create" duk ranar da zai saka wani sabon abu. Aikin minti ɗaya ne.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Katsina. Kwamfutarmu ta gida ta shekara biyar ana amfani da ita, yara sun cika ta da wasanni da tarkace, tallace-tallace suna fitowa ko ba a buɗe komai ba. An ce mini in yi mata "Reset", amma da na shiga sai na ga zaɓi iri-iri, na ji tsoro na fita. Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla.

Amsa: Malama, fitar da kika yi ita ce daidai, domin wannan mataki ya fi na tambayar farko girma. Ke matsalarki ba ta da ranar farawa, taruwa ta yi shekara da shekaru, don haka komawa makon jiya ba zai amfane ki ba, sake girka Windows ɗin ne ya dace. A Windows 10 ana samunsa ta "Settings", sai "Update & Security", sai "Recovery". A Windows 11 kuwa ta "Settings", sai "System", sai "Recovery". Sunansa "Reset this PC".

Tambayar farko da za ta yi miki ita ce ko "Keep my files" ko "Remove everything". Na farkon yana barin takardunki da hotuna da bidiyo da abin da ke cikin foldarki, amma yana cire manhajojin da aka saka, yana kuma mayar da saituttuka yadda suke tun asali. Na biyun yana share komai da komai, har da sunayen masu shiga kwamfutar. A halinki na farkon ya wadatar. Sai dai ina so ki fahimci nauyin kalmar "manhajoji", saboda a nan ne nadama take zuwa. Microsoft Office zai tafi, kuma idan mai gyara ne ya saka miki shi ba ki da shaidar saye, sai kin sake nemansa. Manhajar zane irin CorelDRAW za ta tafi, haka manhajar Alƙur'ani ko ƙamus da aka girka, haka salon haruffan da aka ƙara daga waje, haka direban firinta. Kalmomin sirrin da Chrome ke tuna miki ma za su ɓace in ba ki haɗa shi da asusunki na Google ba. Idan kin saita madannai na Hausa don rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ki duba shi bayan an gama, wataƙila sai kin sake ƙara shi. Windows takan bar miki wani fayil a fuskar kwamfuta mai jerin manhajojin da ta cire, amma jeri ne kawai, ba ya dawo da su. Shawarata ita ce ki ɗauki biro da takarda tun yanzu ki rubuta abin da kike amfani da shi da kalmomin sirrinki, ki kuma kwafe fayilolinki a waje duk da alkawarin da zaɓin farko ya yi.

Tambaya ta biyu ita ce ko "Cloud download" ko "Local reinstall". Na farkon, wanda aka ƙara a Windows 10 a shekarar 2020, yana sauko da sabuwar Windows daga intanet, kuma yana iya cin fiye da gigabait 4 na data. Na biyun yana sake gina ta ne daga fayilolin da ke cikin kwamfutar, ba ya buƙatar intanet. Ga mai sayen data da kuɗinsa, kuma sabis yana zuwa yana ɗaukewa, na biyun ya fi dacewa a fara da shi. Sai in ya ƙi, ya ce an samu matsala, wanda yakan nuna cewa fayilolin cikin ne suka lalace, sannan a koma na intanet.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ba su cika ambata ba. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta tafi-da-gidanka. Wannan aiki yana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa uku, kuma a tsakiyarsa akwai lokacin da tsohuwar Windows ta rushe, sabuwar ba ta gama tsayuwa ba. Idan aka ɗauke wuta a daidai wannan gaɓa, wani lokaci tana iya warware abin da ta fara ta koma yadda take, wani lokaci kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya. Kada ki fara da wutar gari kaɗai. Ki yi a kan inbata mai cikakken caji, ko janareto da kika tabbatar da mansa, kuma in da hali a sa UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, a tsakani, domin ƙaramar UPS mintoci kaɗan take riƙewa, amfaninta shi ne ta cike giɓin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da inji.

Sauran abu uku a taƙaice. Lasisin Windows ba ya ɓacewa da wannan aiki, domin a Windows 10 da 11 yana ɗaure ne da jikin kwamfutar, idan dai na gaskiya ne tun farko, da ta hau intanet za ta gane kanta. Sannan idan ma'adanarki a kulle take da BitLocker, wato makullin tsaro na Windows, ana iya tambayarki mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi. Ki nemo shi ki rubuta kafin ki fara, saboda in ya ɓace babu mai gyaran da zai iya buɗe miki. Fayilolin da kika kwafe kuma, ki bincike su da manhajar kariya kafin ki ci gaba da amfani da su, musamman idan filashinku sun taɓa kamuwa da bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu.

Tambaya: Daga Maraɗi nake rubutowa. Na sayi kwamfutar tebur ta hannu ƙirar HP, a jikinta akwai takardar Windows 7. Na karanta cewa idan aka danna F11 lokacin kunnawa za ta koma yadda ta fito daga kamfani. Na danna har na gaji, babu abin da ya faru.

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, ɗan'uwa, amma da sharaɗi. Kamfanonin ƙera kwamfuta sukan ware wani ɓoyayyen sashe a cikin ma'adana su ajiye kwafin Windows da direbobi da manhajojinsu, sai su ba shi maɓalli: F11 a HP, Alt tare da F10 a Acer, da sauransu. Maɓallin ƙofa ne kawai. Kwamfutocin hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka yawanci daga ofisoshi suka fito, kuma kafin a sayar akan goge ma'adanar ƙaf ko a cire ta saboda sirrin ofishin, ɗan kasuwa ya sa wata ya girka Windows ɗinsa. Ka ga ke nan ɗakin da ƙofar take buɗewa ba ya nan.

Ban kuma ga abin baƙin ciki a wannan ba. Da a ce ya yi aiki, da Windows 7 zai mayar da kai, wadda Microsoft ya daina ba ta kariya tun 14 ga Janairun 2020. Ita kanta Windows 10 wa'adin tallafinta na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Idan kwamfutar tana shiga Windows 10 yanzu, ka bi hanyar da na bayyana wa Malama a sama. In da Faransanci take, kamar yadda aka saba a wajenku, za ka ga an rubuta "Réinitialiser ce PC", zaɓin kuma su ne "Conserver mes fichiers" da "Supprimer tout". Idan kuma kana son farawa daga tushe saboda ba ka san abin da mai sayarwa ya cusa a ciki ba, wanda ni shi na fi so ga duk kwamfutar hannu, to ka samu filashi mai aƙalla gigabait 8 wadda babu komai a kai, ka sauko da manhajar haɗa filashin girke daga shafin Microsoft kansa, ka girka sabuwa. Ka sani dai kwamfutar zamanin Windows 7 ba za ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka in da ita za ka riƙa harkar banki ko wani abu mai muhimmanci a intanet, ya kamata ka fara tunanin canji.

Tambaya: Ofishinmu na lauyoyi a Kaduna zai ba wata makarantar Islamiyya tsofaffin kwamfutoci uku. Mun goge fayilolinmu mun kuma zubar da kwandon shara. Ya isa?

Amsa: Allah ya saka da alheri, amma bai isa ba, ranka ya daɗe. Idan aka goge fayil, Windows sunansa kawai take cirewa daga rajista ta ce wurin ya zama fili, bayanan suna nan kwance har sai wani abu ya hau kansu, kuma akwai manhajoji na kyauta da yaro ma zai iya tono su da su. Takardun shari'ar mutane amana ce da ba ta ƙarewa don kwamfuta ta tsufa. Ku zaɓi "Remove everything", a shafi na gaba ku danna "Change settings", ku kunna "Clean data", wanda ke bin ma'adanar yana share wuraren da bayanan suke. Idan an raba ma'adanar gida biyu, C da D, kamar yadda masu gyara suka saba yi, ku kunna zaɓin da ya ce a goge dukkan ma'adanai, in ba haka ba D za ta tafi makaranta da duk abin da ke cikinta. Wannan yana ɗaukar awoyi, don haka maganar wuta ta shafe ku. Microsoft da kansa ya ce wannan sharewa tana wahalar da mai son tono bayanai ne, ba ta kai matakin da hukumomi ke buƙata ba. Saboda haka ga kwamfutar da ta riƙe sirri mai nauyi, ku cire ma'adanar ku ajiye ko ku lalata ta, ku saya wa makarantar sabuwar ma'adana irin wadda ake kira SSD, wadda za ta sa tsohuwar kwamfutar ta fi sauri ma.

Tambaya: Na yi "Reset" har sau biyu, amma kwamfutata tana nan da nauyinta, tana ƙara kamar injin niƙa, kuma duk safiya sai na tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa. Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, kada ka yi na uku, domin ciwon ba a manhaja yake ba, a jikin na'urar yake, kuma abubuwa ne daban-daban suka haɗu. Kwanan watan da ke komawa baya alamar mutuwar wani ɗan batir ne mai kama da kwabo da ke manne a kan babban allon cikin akwatin, an rubuta CR2032 a bayansa. Shi ke riƙe agogo idan an kashe wuta, kuma shafukan intanet suna ƙin buɗewa ne saboda takardun shaidar tsaronsu ba su dace da kwanan watan da kwamfutarka take faɗa ba. Ana samunsa wajen masu gyaran agogo, canza shi kuma bai wuce ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe, ka ture ɗan ƙarfen da ya riƙe shi ba.

Tunda ka buɗe, ka duba fankar da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar. Bayan hunturu ɗaya ko biyu a Sakkwato za ka ga ƙura ta daskare a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar auduga, iska ba ta ratsawa, idan kuwa zafi ya yi yawa kwamfuta da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ka fitar da akwatin waje ka hure shi da abin hura iska, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Sannan ka kunna ka kasa kunne. Idan ƙarar ta fanka ce, za ta ragu. Idan kuwa wani ƙas-ƙas ne ke fitowa daga ma'adana, yana yi yana tsayawa, to ma'adanar ce take gab da mutuwa, kuma kowane sake girke da ka yi ƙara gajiyar da ita yake. Ka kwashe abin da kake so daga kanta a yau ɗin nan, ka fara da takardu da hotunan iyali kafin finafinai, sannan ka kai ta a sauya maka da SSD a girka Windows a kan sabuwar.